Khan Academy, laccocin MIT ko malaman gida: wanne ya dace da ɗalibin Kumasi?

Bidiyon karatu a intanet ya wuce a ƙirga. Da waya mai sauƙin kuɗi, yaro a Aboabo ko Asawase zai iya buɗe laccar farfesan MIT, jami'ar fasaha ta Amurka, ya rufe, ya buɗe ta wani malami da ke warware tambayoyin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, a gaban ƙaramin allo, duk cikin minti guda. Kuma ba dole ba ne ta farfesan ta fi yi masa amfani. Kafin a tambayi wace tasha ce ta fi kyau, a fara tambayar wa zai gwada ɗalibin a ƙarshe. In WAEC ce, zaɓin daban. In lakcara ne a jami'ar KNUST ko Kumasi Technical University, daban. In kuwa mai ɗaukar aiki ne da zai ce nuna mini abin da ka iya, nan ma daban.

Tambaya ta biyu ita ce: in bidiyon ya ƙare, akwai aikin da za ka yi da hannunka, kuma akwai inda za ka duba ko ka yi daidai? Kallo yana da ruɗi. Malami na warware lissafi a allo, komai na tafiya sumul, kana ta gyaɗa kai, sai ka ɗauka ka iya. Gani kuwa ba ci ba ne. Saboda haka duk tashar da ba ta da atisaye mai amsa, komai kyawun bayaninta, a nan mun ɗauke ta a matsayin mai taimako kawai, ba wadda za a ɗora karatu a kanta ba.

Mai shirin WASSCE ko Nov/Dec (WASSCE ta masu zaman kansu)

Khan Academy ce aka fi ji, don haka da ita za mu fara. Wanda ya kafa ta sunansa Salman Khan, ɗan Amurka ne, ba jarumin finafinan Indiya ba, suna ne ya zo ɗaya. Ya fara ɗora bidiyo a YouTube a 2006, ya mai da abin ƙungiya a 2008, kuma har yau kyauta ce. Ƙarfinta yana wajen atisaye. Bidiyon gajere ne, yawanci minti goma ko ƙasa da haka, sai tambayoyi su biyo baya. In ka amsa, nan take za ta faɗa maka ko ka ci. In ka kakare, za ta buɗe maka hanyar mataki-mataki, kuma tana ajiye lissafin inda ka kai. Ɗalibin da tushensa ya lalace tun ƙaramar sakandare (JHS), wanda har yanzu lambobi masu alamar ɗebewa da lissafin kashi-kashi ke rikita shi, da wuya ya sami abin da ya fi ta. Sai dai ya daure ya koma darasin ƙananan aji ba tare da jin kunya ba, tunda waya ba ta yi wa kowa dariya.

Matsalarta ita ce don makarantun Amurka aka tsara ta. Wasu batutuwan Core Maths, kamar bearing mai lamba uku da binary operation, ba za ka same su a yadda WAEC ke tambaya ba. Wasu kuma suna nan amma a inda ba ka zata ba: modular arithmetic, alal misali, a sashen kwamfuta aka ajiye shi. Sannan sunayen sun bambanta, kuma wannan kaɗai yana ɓata wa yara lokaci mai yawa. Abin da malaminka ya kira indices, can exponents ne. Surds su ne radicals, gradient shi ne slope, trapezium kuma trapezoid. Mafi haɗari shi ne standard form: a wurinmu rubuta lamba ne da goma mai ƙaramar lamba a sama, su kuwa wannan scientific notation suke ce masa, standard form ɗinsu wata siga ce ta rubuta lissafin miƙaƙƙen layi. Yaro ya nemi ɗaya, a kawo masa ɗayan, ya kwana yana koyon abin da ba shi aka tambaye shi ba. Haka awo: misalansu cike suke da inci da mil da fam, jarrabawarmu kuwa mita da kilogiram take so. Malaman Amurka da yawa suna danna kalkuleta mai zana hoto irin TI-84, alhali WAEC ba ta yarda da kalkuletar da ake iya loda wa shiri ba. Irin Casio fx-991ES Plus ce a hannun yawancin ɗalibanmu, ita ya kamata hannu ya saba da ita.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tashoshin Ingila sun fi kusa da mu, domin tsarin jarrabawarmu daga can ya samo asali. Corbettmaths misali ce mai kyau. Kowane bidiyo yana da lamba, kowace lamba tana da takardar atisaye da amsoshinta, duka kyauta, kuma takardun ba sa cin data. Bearing, surds, indices, zane da rula da kamfas, vector, jadawalin cumulative frequency, duk da sunan da ka sani za ka same su. Akwai kuma tambayoyi biyar na kowace rana, masu kyau ga wanda ke son hannunsa kada ya yi sanyi. Logarithm da kalkulas da binomial ba sa cikin jarrabawar GCSE ta can, a matakin A-level suke, don haka mai Elective Maths ya nufi ExamSolutions. A kimiyya, Cognito da Freesciencelessons suna bayani cikin 'yan mintuna da Turanci mai sauƙin bi.

Amma akwai inda na waje ba su da abin cewa sam. Social Studies namu ne: kundin tsarin mulkin 1992, majalisun gundumomi, sarautar gargajiya, matsalolin muhalli irin galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Integrated Science tana da ɓangaren noma da kiwo, wanda ba ya cikin kimiyyar sakandaren Amurka ko Ingila. Takardar Turanci tana da nata dokokin taƙaitawa da rubuta wasiƙa. Government, History, Islamic Religious Studies, duk sai na gida. Nan ne Ghana Learning TV ke shigowa, wadda hukumar ilimi ta GES da gidan rediyo da talabijin na ƙasa GBC suka buɗe a 2020 lokacin da korona ta rufe makarantu, da Joy Learning a Multi TV, da shafin iCampus na hukumar karatun nesa CENDLOS. Akwai kuma uLesson, manhajar waya ta kuɗi da aka kafa a Najeriya a 2019. Talabijin ba ya cin data, wannan babban abu ne. Aibinsa ba ka iya tsayar da malami ko mayar da shi baya, kuma in kamfanin lantarki ECG ya ɗauke wuta a tsakiyar darasi, shi ke nan. Duk darasin da aka ɗora kwafinsa a YouTube, gara a bi shi can.

Sai malaman YouTube masu warware pasko, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Cikinsu akwai gwanaye na gaske, akwai kuma masu kuskure a allo ba wanda ya gyara musu. Hanyar tantancewa ba wuya: ɗauki shekarar da kake da amsoshinta a littafi, ka kalli yadda ya warware tambaya biyar, ka gwada da littafin. Sannan ka lura ko yana rubuta hanya ko amsa kawai yake fitarwa. Dalilin yana cikin tsarin jarrabawar. A yadda aka saba, takarda ta ɗaya ta Core Maths tambaya 50 ce ta zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, wato ƙasa da minti biyu kowace tambaya, kuma a nan dabarun kalkuleta suna da rana. Takarda ta biyu tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na dole masu maki 40, sai biyar daga cikin takwas masu maki 60. A wannan takardar mai duba jarrabawa yana ba da makin hanya daban, makin amsa daban, su ne M1 da A1 da ake gani a takardar maki. Wanda ya rubuta hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe zai kwashi yawancin makinsa. Wanda ya rubuta amsa tsirara, ko da daidai ce, yana iya tashi da kusan babu. Malamin da duk koyarwarsa danna nan danna can ce, rabin jarrabawa yake shirya ka. Ɗaliban da suka shiga babbar sakandare (SHS) da sabon tsarin karatu na 2024 su tabbatar da silabus ɗin da za a gwada su a kai kafin su dogara da tsofaffin bidiyo.

WAEC kan fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa, inda suke faɗin tambayoyin da ɗalibai suka fi faɗuwa da dalilin faɗuwar. Shafi biyu na wannan rahoton sun fi awa uku na kallo nuna maka abin da za ka nema. Gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, NSMQ, kuwa, wadda ake yi tun 1993, kallonta na sa kishi, musamman ranar da makarantun Prempeh da Opoku Ware suka haɗu, amma tseren sauri ce tsakanin waɗanda suka riga suka iya, ba a koyon batu daga farko a cikinta. Masu sayar da apo, wato satar tambayoyin jarrabawa, a WhatsApp da Telegram ba su cikin wannan kwatancen: kowace shekara WAEC na riƙe sakamako tana soke wasu saboda su.

Hukuncinmu ga mai WASSCE shi ne silabus da pasko su ja gaba, su ne za su faɗa maka batun da za ka nema. Corbettmaths ko malamin gida da ka tantance ya koyar da batun. Khan Academy ta gyara tushe in ka ga ginin na rawa. A aikace, tsayar da bidiyo da zarar malami ya rubuta tambaya, ka gwada kafin ya warware. In ya ƙare, yi tambaya goma. In ba ka ci bakwai ba, kada ka wuce gaba. Kowane minti goma na kallo ya sami minti ashirin zuwa talatin na biro da takarda. Mai neman sakamakon C6 (kiredit) don shiga jami'a ya fi bukatar batutuwa goma sha biyu da ya riƙe da kyau a kan talatin da ya leƙa.

Ɗalibin jami'a da kwaleji

MIT ta sanar da OpenCourseWare, shafin da take ɗora kayan darussanta kyauta, a 2001, ta buɗe shi a 2002, yanzu darussan sun haura 2,000. Abin da za ka fara sani shi ne yawancinsu ba su da bidiyo, takardun lacca ne da aikin gida da tsofaffin jarrabawa. Nemi waɗanda lambarsu ta ƙare da SC, kamar 18.01SC na kalkulas, 18.03SC na differential equations, 18.06SC na linear algebra da 8.01SC na fiziks. Waɗannan don mai karatu shi kaɗai aka shirya su: lacca, gajeren bidiyon warware tambaya, atisaye da amsa, jarrabawa da amsa. Laccocin Gilbert Strang na 18.06 sun yi suna a duniya, kuma sun cancanta. Amma MIT tana gudu. Abin da 18.01 ke gamawa a zango ɗaya, jami'o'i da yawa zango biyu suke ba shi. Ɗan shekarar farko da bai yi ƙarfi a Elective Maths ba, in ya fara da ita, mako na uku zai yanke cewa shi ne ba shi da kai, alhali takalmin ne ya fi ƙafarsa.

Irin wannan ɗalibi Professor Leonard ya fi dacewa da shi. Laccarsa ɗaya kan kai awa biyu ko fiye, ba ya tsallake mataki, yana maimaitawa har ka gaji. The Organic Chemistry Tutor, duk da sunansa, yana yin fiziks da lissafi da kemistiri gaba ɗaya, kuma salonsa misali bayan misali ne: yana da amfani daren gwaji, ba ya zurfafa a dalilin da ya sa dokar ta zama haka. 3Blue1Brown ta Grant Sanderson akasin haka ce. Da zane mai motsi za ta nuna maka me matrix ke yi wa fili, har ka ji abin ya zauna, amma ba za ta ba ka aikin yi ba. A kalle ta kafin lacca ko bayanta, kada a je jarrabawa da ita kaɗai.

Mai karatun injiniya ya san NPTEL ta Indiya, wadda cibiyoyin fasaha da kimiyya na IIT da IISc suka fara a 2003. Ba ta da ado. Malami ne a zaune ko a tsaye yana bayani, wani lokaci awa guda cur, kuma sai kunne ya saba da Turancinsu. Amma ta shiga lungunan da na Amurka ba su cika ɗorawa kyauta ba: ƙarfin kayan gini, halayyar ƙasa a ƙarƙashin gini, tafiyar ruwa a bututu, injinan lantarki, rarraba wuta. Awonsu na mita ne, kuma wutar Indiya 230 V ce a 50 Hz kamar tamu, ta Amurka kuwa 120 V a 60 Hz, don haka misalan lantarkinsu sun fi kama da abin da za ka tarar a aiki. Inda za ka yi hattara shi ne ƙa'idojin zane. Darasin kankare na NPTEL yana bin IS 456 ta Indiya, na Amurka ACI 318. Duba ko lakcaranka BS 8110 yake bi ko Eurocode 2. Tunanin ɗaya ne, amma lambobin kariya da jadawalai sun bambanta, kuma wanda ya kwafo na wata ƙasa cikin aikinsa zai sha jan biro.

Irin wannan tarkon yana jiran 'yan akanta. Ghana ta koma ƙa'idojin akanta na duniya, IFRS, tun 2007, Amurka kuwa tana da nata GAAP. Hanyar ƙiyasta kaya ta LIFO (a ɗauka wanda ya shigo ƙarshe shi ya fara fita), wadda malaman Amurka ke koyarwa da muhimmanci, IFRS ta hana ta. OpenTuition tana da laccocin jarrabawar ƙwararrun akanta ta ACCA kyauta bisa IFRS, ta fi kusa da abin da mai shirin jarrabawar akanta ta Ghana, ICAG, ke bukata, ban da haraji da dokar kamfani, waɗanda dole na Ghana za a karanta. Ɗalibin shari'a kuwa kusan babu abin da zai ɗauka daga bidiyon dokar Amurka sai ruɗani.

Ga 'yan mata da samarin da ke karatun jinya da unguwarzoma, a Komfo Anokye ko wata kwaleji, Ninja Nerd ba ta da na biyu wajen bayanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, in za a iya zaman awa ɗaya a gaban farin allo cike da zane. Osmosis gajera ce mai kyan hoto, amma mafi yawan kayanta na kuɗi ne. RegisteredNurseRN don jarrabawar lasisin jinya ta Amurka, NCLEX, aka gina ta. A duk ukun, a kula da awo da sunan magani. Sukarin jini a Amurka mg/dL ne, a asibitocinmu mmol/L, sai an raba da 18: 126 tasu ita ce 7 tamu. Zafin jiki Fahrenheit suke faɗa. Acetaminophen shi ne paracetamol, albuterol shi ne salbutamol, epinephrine shi ne adrenaline. Yadda jiki ke aiki ɗaya ne a ko'ina, amma wane magani za a fara da shi da nawa za a bayar, wannan na jagoran magani na Ma'aikatar Lafiya ta Ghana ne, shi da abin da aka koyar a aji za su fito a jarrabawar lasisi. Zazzaɓin cizon sauro da sikila, da ke cika mana asibiti, a can ba a ba su wuri mai yawa.

A fannin tattalin arziki, falsafa, tarihi da halayyar ɗan Adam, Open Yale Courses, da aka buɗe a 2007, tana da darussa kusan 40 cikakku, har da na Robert Shiller, wanda ya ci kyautar Nobel a 2013, kan kasuwannin kuɗi. An daɗe da ɗaukarsu, amma kowace lacca tana da sauti zalla da rubutaccen kwafi, don haka ana iya saurare a trotro daga Tech zuwa Kejetia. Crash Course, ta 2012, leƙe ce kawai: minti goma sha wani abu, magana kamar ana korar mai yin ta, tarihin Afirka kuma kaɗan ne a ciki.

Mai neman takardar shaida

Coursera da edX duka a 2012 aka kafa su, ta farko daga malaman Stanford biyu, Andrew Ng da Daphne Koller, ta biyu daga Harvard da MIT. Bambancinsu da duk na sama shi ne akwai wa'adi, akwai gwaji mai maki, akwai satifiket. Kuɗin da dala ne, ta katin banki. Abin da ya fi cin mutane shi ne gwajin kyauta na kwana bakwai: an karɓi lambar katinka tun farko, in ba ka soke ba, rana ta takwas za a cire, kuma kowane wata za a sake. Coursera tana da tallafi ga marasa hali: ana cike takarda a faɗi dalili, a jira kamar mako biyu. Sharuɗɗan abin da ake gani kyauta suna sauyawa, a karanta shafin darasin kafin a sa rai.

CS50 ta Harvard, wadda David Malan ke koyarwa, ita ce muka fi ba mai son koyon rubuta manhajar kwamfuta shawara. Komai kyauta ne a shafinta, ana duba aikinka ta na'ura, kuma in ka sami kashi 70 a kowane aiki ka gama aikin ƙarshe, za su ba ka takardarsu ba ko sisi. Ta edX mai tantance suna ce ake biya. Tana farawa da Scratch, ta shiga C, sannan Python da SQL da gina shafin intanet. Makonnin C ne ke korar mutane, wanda ya haye su ya haye. Ba a yin ta da waya: sai kwamfuta, da intanet mai ɗan ƙarfi, domin wurin rubuta aikin a intanet yake.

Kada dai a yi wa rogo kallon kitse. Waɗannan takardu suna ƙara wa takardar neman aiki nauyi, musamman in akwai aikin hannu da za a nuna, amma ba digiri ba ne. Mai son digiri yana aiki ya duba karatun nesa na KNUST ko na Jami'ar Cape Coast, ya kuma tabbatar GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta amince da shirin.

Data, wuta da waya

Ƙiyasi ne, yana hawa yana sauka gwargwadon motsin hoton, amma awa ɗaya ta YouTube a 360p tana cin kamar megabait 300, a 480p kamar 500, a 720p gigabait ɗaya ko fiye. Sauti zalla bai wuce megabait 30 zuwa 60 ba. Laccocin Strang talatin da 'yan kai ne, kowace kusan minti 50, wato awa talatin ba kaɗan: a 360p gigabait tara ke nan, a 720p talatin. Kada a bar wayar ta zaɓa da kanta, domin in ta ga sabis mai ƙarfi sama take hawa. Rubutun Khan Academy manya ne a baƙin fili, 360p ta isa. Allon alli na MIT yana son 480p, in ba haka ba ƙananan lambobin da ke saman haruffa sukan narke, ka karanta 3 a matsayin 8. Darasin rubuta manhaja sai 720p.

MTN da Telecel da AT suna da kunshin dare mai rahusa, a duba sa'o'insa a jera abin da za a sauke tun da yamma. Wanda aka sauke cikin manhajar YouTube a cikinta yake zama, ba a tura wa wani, kuma in wayar ta daɗe ba ta hau intanet ba sai ya ƙi buɗewa. Na MIT kuwa fayil ne sosai, lasisinsu ya yarda a raba muddin ba sayarwa za a yi ba, don haka mutum ɗaya ya sauke, ajin duka su karɓa ta Xender. Maɓallin sauke darasi gaba ɗaya takardu kawai yake kawowa, bidiyon ɗaya-ɗaya ake saukewa. In za a sayi memori a Adum, a gwada shi kafin a dogara da shi: na jabu yana nuna 64 GB amma cikinsa bai kai haka ba, zai karɓi fayil lafiya, ranar buɗewa a tarar ya lalace. A cika shi da bidiyo, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. A kashe kunna-kai na bidiyo na gaba, kuma in da hali a buɗe asusun Google na karatu zalla, don kada ƙwallo da barkwanci su riƙa tsayawa a gefen allo.

Makarantar Islamiyya ko ƙungiyar matasan zango da ke da kwamfuta ɗaya ta duba Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality. Ana girka ta a kwamfutar, a sauke darussan Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na PhET sau ɗaya, a haɗa kwamfutar da rauta ko da babu intanet, yara su shiga da wayoyinsu. Malami yana ganin wanda ya yi atisaye da inda ya kakare. A zaɓi batutuwan da ake bukata kawai, domin Khan Academy gaba ɗayanta gigabait masu yawa ce. Abin da ya fi kawo cikas shi ne in wuta ta ɗauke ta dawo, rauta na iya sauya wa kwamfutar adireshi, yara su ce ta lalace. A buɗe Kolibri a duba sabon adireshin, ko a sa wanda ya iya ya kafe shi a rautar.

Sai batun harshe. Yaron zango yana juya Hausa da Twi da Larabci da Turanci, amma Turancin malamin Amurka mai sauri wani abu ne dabam. A rage gudun zuwa 0.75, a kunna rubutun ƙasan allo, da sanin cewa wanda na'ura ke yi yana ɓata kalmomin kimiyya. Na MIT da Yale mutane ne suka rubuta, an fi dogara da su. Akwai malaman Najeriya da ke koyar da lissafi da kimiyya da Hausa a YouTube, suna taimakawa wajen fahimta, amma bidiyon JAMB da NECO ba namu ba ne. Wanda Larabcinsa ya yi ƙarfi zai iya leƙa Edraak ta Jodan, da aka buɗe a 2014, sai dai a ƙasashen Larabawa da dama ana rubuta lissafin makaranta daga dama zuwa hagu da haruffan Larabci, hannun mai WASSCE kada ya saba da haka.

Iyaye masu tambayar me za su fara saya in kuɗin ba su da yawa: littafin pasko mai cikakkiyar hanyar warwarewa, kalkuleta ta gaske, akwatin kayan zane, littafin rubutu mai kauri na atisaye kaɗai, sannan memori da kunshin dare. Biyan manhajar kuɗi ya zo daga baya, kuma a fara da mafi gajeren wa'adi. Kafin a tura kuɗi ta waya (momo), a buɗe jerin darussanta a ajiye kusa da silabus ɗin yaron, a tabbatar ajinsa da darussan da ya zaɓa suna ciki, kuma na Ghana ne.